Wa Ke Riƙe da Makulli? Tarihin Manhaja Mai 'Yanci Daga Bakin Kanal ɗin Kura

Idan ka bar Kano ka kama hanyar Zariya, kana isa Kura sai ƙasa ta sauya kama. A tsakiyar Janairu, lokacin da hunturu ya busar da komai a wasu wurare, nan alkama ce kore shar, ga albasa, ga kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan suna jiran manyan motocin Legas. Yaron da aka haifa a Kura ko Bunkure ko Garun Malam yana ɗauka haka Allah ya halicci wurin. Dattawa sun san da hannu aka yi shi.

A zamanin Gwamna Audu Bako aka fara gwajin noman rani a Kadawa da ruwan Bagauda, sannan aka gina madatsar Tiga tsakanin 1971 da 1974. A 1976 aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aikin ya koma hannunta. Ruwan da kansa yake gangarowa, babu injin da ke tura shi: daga Tiga zuwa Ruwan Kanya, daga babban kanal zuwa ƙanana, har ya shiga kunyar manomi. Amma a kowace mararraba akwai ƙofar ƙarfe, kuma akwai mai buɗe ta. Wanda gonarsa take ƙarshen layi ya fi kowa sanin cewa cikar Tiga ba ita ce samun ruwa ba. Abin da yake fara tambaya shi ne wa ke riƙe da makulli, kuma da wane sharaɗi yake buɗewa.

A daidai waɗannan shekarun, can Amurka, aka fara wata jayayya a kan wani makullin daban. Mutanenmu ba su ji labarinta ba a lokacin, amma sakamakonta yau yana cikin aljihun kusan duk dillalin da ke ciniki a Kwanar Gafan.

Sai an fahimci abu ɗaya kafin labarin ya zauna. Kowace manhaja fuska biyu gare ta. Akwai rubutun asali, wanda mutum ya zauna ya rubuta, wani mutum kuma zai iya karantawa ya gyara. Akwai kuma abin da ake samu bayan an niƙa wannan rubutun ya koma lambobin da na'ura kaɗai ke ganewa. Mutumin Kura ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san bambancin shanshera da shinkafar da ta fito daga injin casa. Casasshiya za ka dafa ka ci ka ƙoshi, amma ba ta tsira. Wanda ya sayar maka da ita ya ba ka abinci, iri yana hannunsa, kuma badi sai ka koma.

A farkon zamanin kwamfuta, irin ne ke yawo. Na'urorin manya ne, sai jami'o'i da manyan kamfanoni ke iya saye, kuma sau da yawa manhaja takan zo da rubutunta na asali, masana su yi ta gyara suna miƙa wa juna. A 1969 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara wata manhaja mai suna Unix a ɗakin bincike na Bell, jami'o'i suka karɓa suka yi ta ƙari, musamman ta Bakli a Kalifoniya. A shekarar dai IBM ya fara raba kuɗin manhaja da kuɗin na'ura, manhaja ta zama haja mai zaman kanta. A 1976, shekarar da aka kafa hukumar kogunanmu, Bill Gates yana matashi ya rubuta wa masu sha'awar kwamfuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana zargin yawancinsu da sata, saboda suna kwafar manhajarsa ba su biya ba. Yana da hujjarsa: wanda ya yi gumi ya cancanci lada. Amma daga nan ƙofofi suka fara rufuwa ɗaya bayan ɗaya.

Wajen 1980, a cibiyar fasaha ta MIT, wani masani mai suna Richard Stallman ya yi karo da rufaffiyar ƙofa. Tsohuwar na'urar buga takardu da suke da ita ya taɓa yi mata gyara, yadda idan takarda ta maƙale za ta aika wa masu jira saƙo su zo su cire. Da aka kawo sabuwa daga kamfanin Xerox, ita ma tana maƙalewa, sai ya nemi rubutun asali don ya yi irin wancan gyaran. Babu. Ya je wurin wani masani a wata jami'a da ke da shi, mutumin ya ce ya sa hannu a takardar alkawari cewa ba zai nuna wa kowa ba. Abin da ya ƙona wa Stallman rai ya wuce takardar da ke maƙalewa. Ya ga an sa ɗan'uwansa a sana'a ya yi rantsuwar ƙin taimakon maƙwabci tun kafin ya san wane maƙwabci ne zai zo. A ranar 27 ga Satumba 1983 ya shelanta cewa zai gina cikakkiyar babbar manhaja, wato wadda ke tuƙa kwamfuta gaba ɗaya, mai kama da Unix, wadda ba wanda zai iya kullewa. Ya sa mata suna GNU. Ya ajiye aikinsa a farkon 1984, ya kafa gidauniyar manhaja mai 'yanci a 1985.

Abin da ya nema shi ne mai kwamfuta ya iya amfani da manhaja a duk aikin da ya ga dama, ya iya buɗe cikinta ya gyara, ya iya kwafa wa ɗan'uwansa, kuma idan ya inganta ta ya iya raba ingantacciyar. Turawa sun shekara arba'in suna ruɗewa a nan, domin a harshensu kalma ɗaya ce ke nufin abin da ba a biya ba da kuma abin da ba a ɗaure ba. Mu ba mu da wannan matsalar. Kyauta daban, 'yanci daban. Ana iya ba ka abu kyauta da igiya a wuyansa, kuma ana iya sayar maka da abu ya zama naka har abada. Na biyun Stallman yake nufi.

Sai dai ya hango haɗari. Idan ya saki aikinsa sakaka, wani kamfani zai ɗauka, ya ƙara kaɗan, ya rufe, ya sayar a matsayin nasa. Maganin da ya samo shi ne abin da na fi jinjina wa a duk tarihin nan. Ya ɗauki dokar haƙƙin mallaka, wadda aka yi don hana kwafa, ya juya bakinta. Lasisin GPL, wanda ya fito a 1989, aka sabunta shi a 1991 da 2007, yana cewa ne: wannan aikin nawa ne a gaban doka, na ba ka izinin kwafa da gyara da ma sayarwa, amma duk wanda ka miƙa wa, sai ka miƙa masa da rubutun asali da irin wannan izinin. Mafi kusa da shi a wurinmu shi ne waƙafi. Rijiyar da aka yi waƙafinta kowa na sha, mai hali na iya ɗaure bakinta da siminti, amma ba wanda zai kewaye ta da katanga ya ce ta gidansu ce. Bambancin shi ne GPL bai hana ciniki ba. Mai ga-ruwa na iya ɗiba ya sayar, ya ci guminsa. Abin da aka hana shi kawai shi ne rufe bakin rijiyar.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a ƙasar da almajiran ilimi suka yi ƙarnoni suna aron littafi wurin malam, su kwafa da hannu, su ƙara hashiya a gefe, na bayansu su kwafa har da hashiyar, kuma sunan mai littafin bai ɓace ba.

Zuwa 1991 GNU ta tara kayan aiki masu yawa, saura zuciyar tsarin, wato ɓangaren da ke magana kai tsaye da ƙarfen na'ura. A ranar 25 ga Agusta na shekarar, wani ɗalibi ɗan shekara 21 a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya sanar cewa yana rubuta irin wannan don nishaɗi a kwamfutarsa ta gida. A 1992 ya sa aikin a ƙarƙashin GPL. Daga nan gayya ta haɗu: mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka riƙa turo gyara daga ƙasashe daban-daban, kowa ya san ba wanda zai gudu da abin da aka tara. Haɗuwar kayan GNU da zuciyar Linux ita ce babbar manhajar da ake kira Linux a taƙaice, duk da Stallman bai taɓa yarda a bar sunan GNU a baya ba. A 1993 Ian Murdock ya kafa Debian, tarin manhajoji da 'yan sa-kai ke kula da shi har yau.

A 1998 gidan ya rabu biyu. Kamfanin Netscape ya saki rubutun manhajarsa ta shiga intanet, wadda daga zuriyarta Firefox ta fito, wasu kuma suka ga maganar 'yanci tana tsorata 'yan kasuwa, suka koma kiran abin buɗaɗɗen tushe, suna jaddada inganci da sauƙin kuɗi. Akwai kuma lasisai masu sassauci, irin na BSD da MIT da Apache, waɗanda ke cewa ɗauki ka yi abin da kake so, ko da rufewa ne, ka dai ambaci mai shi. Kamfanin Apple ya ɗibi abubuwa daga manhajojin da ke ƙarƙashin lasisin BSD ya sa a nasa tsarin. Ni zuciyata ta fi karkata ga GPL, don na ga abin da yake tsarewa. Lokacin da Oracle ya sayi kamfanin Sun a 2010, masu aikin OpenOffice, manhajar ofis da ke hannun Sun, suka ji tsoron makomarta, suka ɗauki rubutun suka ci gaba da sunan LibreOffice, kuma ba wanda ya isa ya hana su, saboda lasisin ya riga ya ba su dama.

Duk wannan a hannun masana yake. Mai gida da ke son rubuta wasiƙa ko kallon fim ya daɗe yana ganin Linux abu ne mai wuyar sha'ani, kuma da gaskiyarsa. Wanda ya fi ƙoƙarin kawo shi tsakar gida ɗan Afirka ne. Mark Shuttleworth na Afirka ta Kudu ya sayar da kamfaninsa Thawte a 1999 a kan dala sama da miliyan 500, ya zuba wani ɓangare a ginin Ubuntu a kan tushen Debian. Sunan daga harsunan Zulu da Kosa yake, ma'anarsa ta yi kusa da mutuntaka. Fitowa ta farko a Oktoba 2004 ce. Ya san intanet a nahiyar nan tsada gare ta, don haka kamfaninsa ya riƙa aika faifai ta gidan waya, kyauta, zuwa duk inda aka nema a duniya, har zuwa 2011. Da yawa daga ɗaliban kwamfuta na wancan zamanin a irin wannan faifan suka fara ganin Linux.

A Nijeriya, shekarar 2007 ce ta fi zafi. A makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja aka gwada ƙananan koren kwamfutocin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, na Nicholas Negroponte, kuma Linux ne a cikinsu. A shekarar dai aka yi cinikin kwamfutocin Classmate na Intel guda 17,000 don makarantun ƙasar nan, ɗauke da Mandriva, wani Linux na Faransa. Sai labari ya fito cewa za a goge shi a ɗora Windows bayan an kawo su. Shugaban Mandriva, François Bancilhon, ya rubuta wa shugaban Microsoft, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi wadda ta zaga duniya. Daga baya hukumar gwamnatin da ke biyan kuɗin mafi yawan kwamfutocin ta ce ita Mandriva take so. Wajen wannan lokacin ne kuma wani kamfani na gida, Leapsoft, ya fito da Wazobia Linux mai Hausa da Yarbanci da Ibo. Abin ya yi kyau a ido, amma bai yi saiwa ba. Kamfanin Mandriva ma ya rufe a 2015, sai dai 'yan sa-kai sun riga sun ɗauki irin sun shuka da sunan Mageia.

Me ya hana abin shiga gidajenmu? Amsar da na gamsu da ita ba ta da daɗin faɗi. A Turai ana ce wa mutum ga Linux, ba sai ka biya kuɗin Windows ba. A Kano kuwa 'yan kaɗan ne suka taɓa biyan kuɗin Windows. Ka sayi kwamfuta ta hannu a titin Beirut, mai gyara ya ɗora maka kwafin da aka fasa makullinsa, ya haɗa maka da Word da CorelDraw, ka biya shi ladan aikinsa ka tafi. Hujjar arha ta mutu tun a bakin shago. A kan waɗannan manhajojin kowa ya koyi aiki, da su masu shagunan buga takardu a Kura suke tsara katin biki da kalandar 'yan siyasa, su ake koyarwa a makarantun koyon kwamfuta. Ga kuma lantarki da data: Linux ya ginu ne a kan sauke manhajoji daga intanet, mu kuwa da filas muke yawo daga hannu zuwa hannu, da cututtukan kwamfutar da ke biyo shi. Mun ga yadda satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifan finafinan Hausa, mun tausaya wa masu shirya su. Haƙƙi kuwa haƙƙi ne ko na wane ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne akwai hanyar halal, a buɗe, wadda mai ita da bakinsa yake cewa kwafa ka ba ɗan'uwanka, amma ba mu bi ta ba. A jihar Kerala ta Indiya gwamnati ce ta tsaya, tun kafin 2010, ta mayar da makarantunta kan manhaja mai 'yanci, ta horar da malamai, aka sa harshensu na Malayalam a ciki. Ba su fi mu kai ba; sun dai ɗauki abin a matsayin aikin hukuma mai ɗorewa.

Duk da haka Linux ya iso Bunkure, ta ƙofar da ba a zata ba. Google ya sayi Android a 2005, wayar farko ta fito a 2008, kuma zuciyar Android Linux ce. Duk Tecno da Itel da Infinix mai Android da manomi ke kiran dillali da ita, ko yake duba kuɗin da aka turo masa na buhunan shanshera, aikin ɗalibin nan na Helsinki ne ke motsi a ƙarƙashinta. VLC da ake kallon fim da wa'azi da shi, ɗaliban wata makarantar injiniya ta Faransa ne suka fara shi, aka sake shi a ƙarƙashin GPL a 2001. Ma'aikatan rigakafin shan-inna da suka riƙa cike bayanai a waya a ƙauyukan Kano sun yi aiki da manhajar ODK, ita ma buɗaɗɗiya ce. Amma kada mu ruɗi kanmu. Yawancin abin da ke saman Android a ƙarƙashin lasisi mai sassauci yake, manhajojin Google na ciki rufaffu ne, kuma masu ƙera waya sukan kulle ta yadda mai ita ba zai iya sauya tsarinta ba. Ruwan na gayya ne, makullin yana hannun kamfani.

Inda na fi ganin amfanin abin a fili shi ne rubutun Hausa. Mun daɗe muna rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya saboda haruffa masu lanƙwasa ba sa fitowa a na'ura. Cibiyar SIL ta fito da lasisin buɗaɗɗun haruffa a 2005, ta saki salon rubutu irin su Charis da Andika masu ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ. A 2017 ta saki Alkalami, salon ajami da aka zana a kan rubutun Kano, irin wanda muka saba gani a littattafan da ake sayarwa a Kurmi. Kowa na iya saukewa, ya buga littafi da shi, ya sayar da littafin, ba tare da neman izinin kowa ba. Babban kamfani ba zai ɓata lokacinsa a kan ajamin Kano ba, don ba riba a ciki. Buɗaɗɗen lasisi ne ke ba ƙananan al'ummu damar yi wa kansu.

Sai dai manoman rani sun san ciwon abin gayya. Kanal na kowa ne, don haka yashe shi ba na kowa ba ne. Shekaru suka yi ta wucewa, laka da kacala suka cike magudanai, ƙofofi suka lalace, na ƙarshen layi suka koma injin ban-ruwa da fetur. Shi ya sa da shirin TRIMING na Bankin Duniya, wanda aka amince da shi a 2014, ya zo gyaran aikin Kogin Kano, bai tsaya a siminti ba. Ya dage a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, su tara kuɗi su kula da ƙananan magudanai da kansu. A shekarar dai ta 2014 duniyar manhaja ta ga irin nata: aka gano wata ɓaraka, Heartbleed, a cikin OpenSSL, manhajar da ke tsare sirrin ɗimbin shafukan intanet, sai ga shi mutane ƙalilan ne ke kula da ita da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, alhali manyan kamfanoni na cin moriyarta. Sai bayan haka suka haɗa kuɗi. Fassarar Hausa a manhajoji masu 'yanci ma haka take, guntu-guntu, an fara an bari, saboda masu yi 'yan kaɗan ne kuma ba mai biyansu.

A ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar yau da kullum ga Windows 10, kamar yadda ya yi wa XP a 2014 da Windows 7 a 2020. Windows 11 kuma yana neman wani guntun tsaro da sababbin na'urori, abin da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da shi. Irin waɗannan su ne namu: su ne a hannun malamin makaranta a Bunkure, da akawun injin casa a Kura, da ɗalibar da ke koyon danna madannai kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Wasu ma yanzu za su shigo cikin kwantena daga ƙasashen da suka yar da su. Lafiyarsu lau. Linux Mint, wanda Clément Lefèbvre ya fara a 2006, ko Debian, ko wani mara nauyi daga dangin Ubuntu, yana tafiya a kansu sumul, da LibreOffice da Firefox da VLC. Filas ɗaya ya ishi gari guda, kuma ana iya gwada tsarin daga kan filas ɗin ba tare da an goge komai ba. Mai gyaran da ya ɗora wa mutum ya karɓi ladansa bai keta haƙƙin kowa ba. Lasisin da kansa ya ambaci cewa ana iya karɓar kuɗi a kan miƙa kwafi.